Jiran Sakamakon Kawu Numa

Pierre Part, Louisiana
10 ga Janairu, 1994

'Yata Noelie,

Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin ruwa, da fatan sanyin Nebraska bai gama cinye ki ba. In kin manta rubutuna, Kawu Numa ne, ɗan wan kakarki Zoe, wanda ya tattake miki ƙafa a bikin ƙanenki har kika rantse ba ki ƙara rawa da matuƙin jirgi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar matata Ozite da ke damunta in hadari ya haɗo, ni kuma bayana yana gaishe ni kowace safiya. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshinki bayan coci. Ta ce in faɗa miki wayarta ba ta lalace ba, ke ce ba ki bugawa.

Kin san ni da biro sai dole. Talatar da ta wuce ina tura kwale-kwalen hatsi zuwa New Orleans, kogi ya cika yana ja da ƙarfi, sai wutsiyar kayan ta gogi ƙafar wata gada. Ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya nutse, fenti ne ya kankare, ƙarfe ya ɗan lotse. Amma doka ta ce in an yi haɗari sai an gwada fitsarin mai tuƙi. Aka sauke ni aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Wata yarinya sa'ar 'yata ta ce, "Kyaftin, cire rigar sama, zazzage aljihu." Ta zuba shuɗi a ruwan masai don kada in surka da shi, ta tsaya a bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da jirgi, ga ni ina miƙa mata kwalba tana duba ɗuminta kamar madarar jariri. Ta liƙe bakin, na sa hannu, kamfani ya ce in zauna gida sai sakamako ya fito.

To, bai fito ba. Kuma duk wanda ke cin abinci a kogin nan ya san mai tsabta ba ya daɗewa, wanda aka ga wani abu a ciki shi ake riƙewa. Jiya na shiga shagon Ulysse sayen tsiren alade, yana ganina ya ɗaga murya, "A'a, Kyaftin, har yanzu naka bai nuna ba? Nawa kwana biyu aka sauke shi daga wuta. Ko dai akwai nama a ciki ne?" Shago ya ɗauki dariya. Na ce masa ya ji da tukunyarsa, na fito ban sayi komai ba.

Ba Ulysse ne damuwata ba, Ozite ce. Duk dangi sun san lokacin da igiya ta tsinke ta doke ni a baya, da yadda ƙwayoyin asibiti suka kama ni bayan nan. Ke kina rarrafe a lokacin. Ozite ta tsaya mini har na rabu da su, ta ce sau ɗaya take yafe irin wannan. Tun daga nan ko maganin mura sai na nuna mata kwalinsa. Yanzu kuwa, shekaranjiya na tarar an goge cikin motata tsaf, har aljihun gaba, wurin da ba ta taɓa leƙawa ba tun da na saye ta.

An ce aikinki ke nan, gwajin fitsarin direbobi. Ki faɗa mini me ke riƙe sakamako haka. Na rubuto ne don wayarmu a kicin take, Ozite kuma kicin ne ofishinta.

Kawunki,
Numa Savoie


Omaha, Nebraska
15 ga Janairu

Kawu Numa,

Na ga wasiƙarka, na kuma gane rubutun tun daga ambulan, ba wanda ke danne biro kamar yana fushi da takarda sai kai. Ina gaida Anti Ozite da gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Dusar ƙanƙara ta rufe motata, da ƙafa nake zuwa aiki, in na dawo ko takalmi ba na iya cirewa sai na ɗan zauna. Ka ce wa Mama na ji saƙo.

Raina ya ɓaci da abin da ya same ka. Bari in faɗa maka yadda aikin yake, ko hankalinka zai ɗan kwanta.

Kwalba ba ta zuwar mana da suna, lamba ce kawai. Ban san ta direban tirela ba, ban san ta mai jan motar 'yan makaranta ba. Kamfanonin kogi da yawa nan suke aikowa, wasu kuma wani wuri, ban san inda taka ta tafi ba, kuma ba a yarda in bincika ba. Da gangan aka yi haka, don kada wani ya taimaki kawunsa, kada wani kuma ya rama abin da maƙwabcinsa ya yi masa. Ni aikina shi ne in duba komai a ƙarshe, in sa hannu cewa a saki sakamako.

Mutanen kogi ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Kwalbar da ta nuna wani abu a gwajin farko akan kai ta inji na biyu, mai tsanani, wannan kuwa yana cin lokaci. Amma ba shi kaɗai ke kawo jinkiri ba. Motar da ta ɗauko kwalabe tana iya maƙalewa a hanya. Inji yana iya tsayawa. Akwai kuma dokar da ta ce in muka yi shakkar aikin injin, sai a sake gwada rukunin kwalaben duka daga farko, ko da ɗari biyu ne, ko da masu su suna kuka a waya. Irin wannan jinkirin bai da alaƙa da abin da ke cikin kwalbar mutum ko kaɗan. Abin da ke gudana a wurinmu ba ni da bakin faɗa, amma a ko'ina haka dokar take.

Don haka ka daure. Ka ci abinci, ka daina shiga shagon Ulysse, ai tun ina ƙarama bakinsa ya fi tsirensa yaji. In ka ga zai yi amfani, ka nuna wa Anti wannan takarda.

Da ina kusa da na zo na sha kofinku mai tayar da matacce. Na nan ruwan wanke kofi ne.

'Yarka,
Noelie Dugas


Pierre Part
20 ga Janairu

Noelie,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai akwai.

Na nuna mata takardar kamar yadda kika ce. Ta sa tabarau ta karanta a tsaye, tana motsa leɓe. Da ta gama sai ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya ta ce, "Ka ji ko? Ba ƙarya suka yi ba."

Na ce, "Gaba ɗaya, Ozite. Ta ce ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Karanta na ƙasa mana, ga mota, ga inji."

Ta ce, "Na karanta. Yarinyar nan tana da kunya ne, ba za ta faɗa wa kawunta magana gatsal ba. Ta faɗi gaskiya a sama, ta bi ta da lallashi a ƙasa."

Na ce, "To ni da nake tsaye gabanki fa? Dube ni."

Ba ta dube ni ba. Ta ninke takardar ta ajiye kusa da kwanon sukari, ta koma kan shinkafa da waken da take dafawa, don ranar Litinin ce, ranar cin wake a wurinmu. Muka ci, cokali kawai ake ji. Washegari da hantsi mijin ƙanwarta Elva ya zo da mota daga Ville Platte. Wai Elva ba ta jin daɗi, tana son mai taya ta zama. Elvan da na gani ranar sabuwar shekara tana rawa har da tsalle! Akwati biyu Ozite ta ɗauka, da keken ɗinkinta. Mai zuwa jinya ba ta ɗaukar keken ɗinki.

Na buga ofis har matar da ke ɗaukar waya ta haddace muryata. Kullum amsa ɗaya, "Kyaftin Savoie, ba abin da ya iso tukuna." An ba wani jirgina. Wannan bai dame ni ba, jirgi na kamfani ne. A coci kuwa har Fada ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Da na ji haka na san magana ta gama gari.

Ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon danginki komai ba. Ki rubuta wa Ozite layi biyu. Ki ce, "Anti, Kawu Numa tsaf yake, jinkiri ne kawai." Ba na ce ki taɓa kwalba ko ki leƙa lamba ba. Ke kin yi karatun abin, in ta ji daga bakinki za ta yarda. Adireshin Elva yana bayan takardar nan.

Na gaji, 'yata. Gidan nan ya yi mini girma.

Numa


Omaha
25 ga Janairu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu. Wasiƙarka ta tarar da ni ina barin aiki, a tsaye na karanta ta.

Zan rubuta wa Anti yau. Zan faɗa mata ta karanta maganata a karkace, ba lallashi na yi ba. Zan faɗa mata jinkiri ba hukunci ba ne, kuma na san ka mutum mai magana ɗaya. Amma "tsaf yake" ɗin nan ba zan iya rubutawa ba. Ba daga bakin Noelie jikar Zoe za ta ji shi ba, daga bakin mai sa hannu a ɗakin gwaji za ta ji, za ta ɗauka na ga sakamakonka ne. Ban gani ba. Abin da ban gani ba kuwa ba na sa masa hannu, ko na waye. In na yi maka sau ɗaya, hannuna ya tashi daga aiki, har a wurinka.

Na san ba wannan amsar kake jira ba. Ka yi haƙuri da ni.

Noelie


Pierre Part
29 ga Janairu

Noelie,

Na ga amsarki. Ashe ke ma.

Sakamako ya iso jiya. Ba komai a ciki. Ba sai kin wahalar da hannunki ba, wani ya riga ya sa nasa.

A gaida sanyi.

N. Savoie


Pierre Part
9 ga Fabrairu

'Yar albarka Noelie,

Antinki Ozite ce. Ina gaishe ki, ya aiki, ya sanyi? Na ga takardar da kika aiko mini gidan Elva, ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Gwiwa da sauƙi. Mahaifiyarki na lafiya, mun yi miyar gumbo tare ranar Lahadi, har yanzu tana cika barkono.

Na dawo gida. Ofis sun aiko da takarda, mijin Elva ya ji labari a tashar mai tun kafin ta iso, washegari na sa ya kawo ni.

Na san dangi suna cewa na gudu na bar miji a lokacin da yake buƙatata. Su faɗa. Ke dai ina so ki ji nawa. Ban taɓa cewa ya sha ba. Zama ne na kasa. In ya shigo ina duba idonsa, in ya yi hamma ina lura, in ya daɗe a banɗaki ina kasa kunne. Na tsani kaina a haka. Wancan karon, ke ba ki sani ba, da bakin nan nasa ya rantse mini da kabarin uwarsa ba ya shan komai, na yarda, har ranar da na same shi a sume cikin mota inji na aiki, 'yarmu na kujerar baya tana wasa da makullin gida. Ya canza, na shaida, ba macen da ta samu miji irinsa a shekarun nan. Amma da ya ce "dube ni", muryar nan ce dai ta wancan lokacin. Ta yaya zan bambanta? Ke kina da inji, ni ba ni da shi.

Yanzu ga mu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na zuba masa kofi sai ya ce "na gode", in ya gama ya wanke kofinsa da kansa ya kife. Numan da ke barin safa a kan teburin cin abinci! Kamar na yi baƙo mai ladabi. Jibi zai koma ruwa, sun mayar masa da jirginsa.

Yana fushi da ke, amma ba zai faɗa ba. Ki rubuta masa ta ofis, suna kai musu wasiƙu tare da kayan abinci. In kuma kin san abin da ya riƙe takardar nan har ta kusa cinye wata, don Allah ki faɗa masa. Ni kam ina so in san abin da ya shiga tsakaninmu.

Taki,
Ozite


Omaha
21 ga Fabrairu

Kawu Numa,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kogi ya kwanta. Na ji ka koma jirgi, na yi murna. Ni dai mura ta kwantar da ni kwanaki, na warke. "Ashe ke ma" ɗinka ya tsaya mini a rai har yau. Ban yi shakkarka ba, ko na minti ɗaya. Yanzu masu binciken gwamnati sun zo sun duba sun tafi, an kuma sanar da kamfanonin da abin ya shafa, don haka bakina ya buɗe.

A cikin kwalaben da ake gwadawa kullum akwai waɗanda ba na kowa ba ne. Mu muke haɗa su, mu zuba ƙwaya a ciki da gangan, a liƙe su a ba su lamba kamar sauran, a cusa su a tsakiya. Mai aiki da injin bai san wacce ce ba. Muna kiranta kwalbar tarko. In injin ya kama ta, mun san idonsa a buɗe yake. In ta wuce shi, duk abin da ya faɗa a rukunin nan ya zama banza.

A makon da ka gogi gadar nan, kwalbar tarko ta wuce. Injin ya ce tsaf take. Aka sake, ta sake wucewa. Ashe sinadarin da aka kawo mana ne ya lalace, ga alama sanyi ya kama shi a hanya. Maigidanmu a wurin aiki, Mista Lindqvist, mutumin kirki ne, amma wayarsa ba ta huta ba. Ya same ni ya ce, "Noelie, kusan duk mutanen nan masu tsabta ne, ke ma kin sani. Akwai masu jiran fara aiki, akwai waɗanda aka zaunar a gida. Ba wata hanya?"

Na ce, "Injin da ya ce wa tarko tsaf, kowa zai ce wa tsaf."

Ya ce, "Na sani. Tambaya kawai na yi." Ya cire tabarau ya murza ido, ya koma ya ci gaba da shan zagi a waya.

Sabon sinadari ya maƙale a bayan dusar ƙanƙara. Da ya iso, doka ta ce shi ma sai an gwada shi kafin a yarda da shi. Kafin nan kwalabe sun taru har firji ba ya rufuwa da daɗi, waɗanda suka fara zuwa su ne a can ƙurya, su aka kai ga ƙarshe. Ranar da na karanta wasiƙarka ta farko, a gaban firjin nan na wuni.

Ban sani ba ko taka tana ciki, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma kwanakin sun yi daidai. In tana ciki, to tun ranar farko injin ya ce ba ka da komai, ni ce na hana a faɗa. Da na sa hannu, da Ulysse bai samu abin dariya ba, da Anti ba ta ɗauki keken ɗinkinta ba.

Na juya abin a raina har na gaji. In aka sake, haka zan sake yi, don a cikin rukunin nan wataƙila akwai mai jan motar 'yan makaranta da bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Amma a da in na ce "a sake", kwalabe nake gani. Yanzu kuwa kicin ɗinku nake gani, da kai kana cin wake kai kaɗai. Ban san ko zan iya daɗewa a aikin nan ba.

Ba neman a wanke ni nake yi ba. Anti ta ce tana so ta san abin da ya shiga tsakaninku, na ga kai ya kamata ka fara ji.

'Yarka,
Noelie


A kan kogi, kusa da Greenville
12 ga Maris

'Yata Noelie,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Ki riƙa shan romo mai barkono, mura ba ta son shi. Ni lafiya, baya na nan yadda kika san shi. Wasiƙarki ta iso cikin kwalin albasa, ta ɗan yi wari, amma ta karantu. Kada ki ga na daɗe ban amsa ba, ba fushi ba ne, neman abin faɗa nake yi.

Maganar da na yaɓa miki, na janye. Ki yafe wa tsoho. Ni ma a ɗakin tuƙin nan akwai na'urar da ke faɗa mini zurfin ruwa. Ranar da ta fara ce mini ko'ina zurfinsa ɗaya ne, ba na murna, tsayar da jirgi nake yi, ko da ofis za su tsine mini. Kin yi aikinki. Kada ki bar shi saboda ni, in irinki suka tafi, sai masu saurin sa hannu su rage. Kuma takardar da ke aljihuna yanzu, in ta hannunki ta bi, na san ba ta alfarma ba ce.

Sai dai ban san ko in gode miki ba. Da kin sake ta ranar farko, da har in mutu ina zaton abu ɗaya game da gidana. Yanzu na san wani.

Ranar da Ozite ta dawo, ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a hannu ta ce, "Numa, ka yafe mini." Na ce na yafe, kuma ba ƙarya na yi ba. Na san abin da ta gani a wancan lokacin, ni na nuna mata shi. Ba ta da laifi. Amma ga abin da ya kasa barina. Ke da kike tsaye a kan injin nan kullum, ba ki yarda da maganarsa ba sai da kika gwada shi. Ita kuwa ta yarda da shi tun bai buɗe baki ba, alhali ni ina gabanta ina magana. Kuma ba don ni ta dawo ba, takarda ce ta dawo da ita. Gobe in aka sake kirana gwaji, kuma za a kira, mota ta sake maƙalewa a hanya, sai in zauna ina sauraren ƙarar motar mijin Elva.

Ki rubuta mata labarin tarkon nan, za ta ji daɗi ta san ba ita kaɗai ce ta jawo ba. Ni ba zan iya ba tukuna.

Ranar Laraba ya kamata in sauka in yi hutuna a gida. Na roƙi ofis su bar ni a ruwa har bayan bikin Ista, sun yarda, dama suna neman mutum. Ozite tana zaton su suka riƙe ni, har ta ce za ta buga ta yi musu faɗa, na ce ta bari. Rabon da in ɓoye mata wani abu har na manta yadda ake yi, ashe ba wuya. Kada ki faɗa wa mahaifiyarki.

Kawunki,
Numa